Akuyar da Kaka Ta Ƙi Yankawa

Wanda ya ba mu aronta ya karɓi abarsa, mu ma can muka dosa. Kakata, mahaifiyar babana, ta rasu wata Talata da hantsi a ƙauyenmu da ke gefen Gangara, ana tsakiyar yankan gero. Ina Gazawa a kan moto, wato babur, don kabu-kabu ce sana'ata, na ɗauko wani mutum da buhun wakensa, waya ta yi kuka a aljihuna. Har yau ban san inda na sauke bawan Allahn nan ba.

Kwana uku muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Maza suka faɗi abin da maza ke faɗi. Liman ya ce tun da ya san ta bai ga Litinin ko Alhamis ta wuce ta babu azumi ba, sai in ciwo ya kayar da ita. Wani tsoho ya tuna shekarar da hatsi ya ƙi, ta buɗe rumbunta ta ce kowa ya kawo ƙwarya. Aka yi ta shafa fatiha.

A cikin gida zancen daban ne. Duk matar da ta yi mini gaisuwa, in ta gama “Allah ya jiƙanta, ya haƙuri,” sai ta ja ni gefe ta rage murya ta ce, “Ta ga na ƙarshen kuwa?” Matar liman ta tambaya. Gwaggona, ƙanwar babana, ta tambaya, alhali ta fi kowa sanin amsar. Da Mai Nono ta zo, wata Bafulatana da ke sauka da shanunsu bayan gari duk shekara, ita ko muryar ba ta rage ba, tana kuka tana tambaya. Baffana, ƙanin babana, ya jiyo daga zaure ya shigo a fusace.

“Haba jama'a! Uwata tana kwance, ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, ku kuna zancen fim?”

Mai Nono ta share hanci da bakin zane ta ce, “Baffan yara, kai ba ka zauna da mu ba. Ka yi shiru kawai.”

Rana ta biyu ƙanwar Kaka ta iso daga Tibiri. Rabon da ta taka gidanmu tun ina ɗan ƙaramin yaro. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin yayarta, aka kawo fura ba ta taɓa ba, aka kawo tuwo ta kau da kai. Da la'asar ta ɗauki ƙunshinta ta koma bakin hanya jiran mota.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Nan da ɗan lokaci abin da zai rage a bakin mutane shi ne tsohuwa mai azumi, ko tsohuwa mai son fim, kuma duka biyun ba su kai rabin matar ba. Ni ne na fi kowa sanin abin da take nema a cikin fim ɗin nan, ni ne kuma na kasa ba ta.

Ita ta raine ni. Ina ɗan shekara uku babana ya rasu, da mahaifiyata ta gama takaba ta yi wani aure a Agiye, Kaka ta ce yaro dai ba ya fita gidan nan. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. In na shigo sai ta ce, “Ga maigida marowaci ya zaka, ko goron kunya babu.” Ni kuma in ce na sake ta saki uku, na samo yarinya a Gazawa. Ta ce, “Wa zai kwashe ka da wanga kai kamar tulu?” Harshen Gobir bai taɓa barin bakinta ba duk daɗewarta a gabas. Goro sai an daka mata a ɗan turmi, kuma in ba ja ba ne, ka mayar da abinka.

Abu ɗaya ne ban taɓa ji a bakinta ba: sunan babana. Ɗan fari ne, kuma Kaka irin matan da ne da ke kunyar ɗan fari har kabari. Ba ta kiran sunansa yana raye, ba ta kira bayan ya mutu ba. In dole ta kama sai ta ce “wancan,” ko ta nuna ni da haɓa ta ce “uban wanga.” Gwaggo ta ce ranar da aka fita da gawarsa Kaka tana bakin murhu tana raba wa baƙi fura, ido a bushe, ana ta yaba kunyarta.

Gwaggon ce ta ba ni sauran labarin bayan na girma, shi ma a gutsure. Gidan su Kaka a Tibiri gidan bori ne. Akwai iskar da ta gada wajen uwarta, ta taho da ita gidan miji, duk shekara kafin ruwan shuka a yanka mata jar akuya a gindin tsamiya. Wata shekara Kaka ta ce ta tuba. Ta tattara ƙwaryar iskar da 'yan tsummokaranta ta aika Tibiri, ta ce ita da yanka sai na layya da na suna. Damina ba ta raba ba zazzaɓi ya kama babana, kwana biyar ya tafi. A wurin makoki ƙanwarta ta ce mata a gaban mata, “Kin ga abin da kika jawo.” Daga ranar ba su sake magana ba.

Duk wannan na san shi, amma wallahi ko a raina bai zo ba ranar da na kai mata fim ɗin. Na sayo mata ƙaramar tele ta kallo da faifan sola don ƙafafunta sun fara kumbura, ba ta iya zuwa ko'ina. Na shiga shagon masu tura finafinai a Gazawa na ce a sa mini abin da tsofaffi ke so. Mai shagon ya ce akwai wani mai dogon zango, na wata ƙasa can nesa, an juya shi da Hausa a Najeriya, duk garin shi ake bi. Ya zuba mini kashi goma a katin memori, ban ko duba ba.

Labarin wani gari ne mai rijiya ɗaya tak, da wani abu a cikinta. Gidan mai tsaron rijiyar ne ke yanka masa dabba duk shekara, kaka da kakanni. Sai mai tsaron na yanzu ya ce shi ya bar wannan, Ubangiji ɗaya ne, shi zai roƙa. Ruwa ya fara ja da baya. Mutanen gari suka juya masa baya. Can sai 'yarsa tilo ta kwanta, abin rijiya ya aiko a mafarki cewa ko dabba ko yarinya.

Sai a kashi na huɗu na farga. Ina zaune a bakin rumfa ina gyara birkin moto, na ɗaga kai na ga Kaka ta manta da goron da ke hannunta. Na miƙe na ce wannan fim ɗin shirme ne, bari in sa na dariya.

“Taɓa shi ka gani,” in ji ta, ko kallona ba ta yi ba.

Haka majalisa ta kafu. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci zan iso da sabon kashi, bayan la'asar mata su cika rumfar Kaka. Su shida ne na dindindin. Kallon na rabin awa ne, gardamar kuwa sai an kira magariba, a lulluɓe tele da zane a watse. Ba su taɓa riƙe sunan fim ɗin ba, “na mai rijiya” kawai suke cewa, kuma suna zancen mutumin kamar wani maƙwabcinsu. Kaka har faɗa take yi wa mutanen ciki. In matar mai tsaron ta cika kuka ta ce, “Ke tashi ki dama mashi kunu, kuka ba aiki ba ne.” In abin rijiya ya fito da jajayen idanu da hayaƙi, sauran mata su yi ta a'uziyya, ita kuwa ta taɓe baki.

“Ƙarya suke,” ta ce wata rana. “Ba haka suke zuwa ba. Da lallashi suke zuwa, kamar dangi.”

Gwaggo ta tashi wai za ta duba tukunya.

Matar liman da Mai Nono su ne manyan abokan gardama. Matar liman ta ce mai tsaron ya riƙe imaninsa ko gari zai ƙone, yanka don wanin Allah shirka ne, babu wani kwana-kwana. Mai Nono ta buga cinya.

“Kayya, matar malam! Ke ɗanki bai taɓa shure-shure a hannunki ba. Ni in nawa ne, garken duka in yanka, saniya saniya, in ya tashi in zo in tuba. Allah ba mai gafara ba ne?”

“In kika mutu wuƙar tana hannunki fa?”

“To ai yaron ya rayu.”

Ni ma nakan tsoma baki, da ɗan karatun allon da na yi da wa'azin da nake ji a rediyo. Bayan matar liman nake bi, da ƙarfi ma, ina ganin Kaka nake karewa. In ce ai ajali ba ya jiran akuya, wanda kwanansa ya ƙare ko raƙumi aka yanka sai ya tafi. Bakina ya iya wannan magana ƙwarai.

Kaka ba ta taɓa shiga ɓangaren kowa ba. Sai an gaji an yi shiru ta jefo tambayarta, kullum ita ce dai.

“Ni ba wannan nike tambaya ba. Ɗiyar nan, in ta mutu, aka hwaɗa mata ubanta na da akuya ya hana, mi za ta ce da shi?”

Kowa a rumfar ya san ba 'yar mai rijiya take nufi ba. Matar da al'ada ta hana ta kiran sunan ɗanta ta samu inda za ta yi zancensa duk Juma'a a gaban mutane, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Baffa bai gane haka ba, shi abin da ya gani tsohuwa tana rama. Wata Juma'a ya shigo ya cire wayar sola ya ce an gama, fim ɗin aljanu a gidan da ake salla, ga hawan jini likitan Agiye ya ce a bar ta ta huta. Kaka ta bar shi ya gama.

“Kai auta, da na yi naƙudarka wa ya ce in huta? Mayar da abin nan inda ka gan shi.”

Ya mayar. A zaure ya tare ni ya ce duk abin da ya sami uwarsa ni ne. Na ce masa in ya isa ya koma ya sake cirewa. Mun yi wata guda ba ma gaisawa da kyau, ga shi yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninmu ba.

Kashi na ƙarshe ya iso Gazawa da damina ta yi nisa. Na ce wa mai shago ya sa mini in gani tukuna, na tsaya a tsaye na kalla, hular moto a hannuna. Yarinya ta kai gargara. Mai tsaron ya yi addu'a har muryarsa ta dushe, shiru. Sai ya tashi ya kwance akuya ya ja ta bakin rijiya, yana kuka ya sa mata wuƙa. Jini na taɓa ruwa yarinya ta buɗe ido ta ce, “Baba.” Rijiya ta cika, gari ya ɗauki guɗa, aka sa kiɗa, fim ya ƙare.

Kashi sittin da wani abu mutumin nan yana riƙe, ashe nan za su kai shi. Na zagi waɗanda suka tsara shi, na zagi wanda ya juya shi da Hausa, mai shago yana dariya yana cewa ai kowa ya ji daɗin ƙarshen. Na ce kada ya kuskura ya sa mini shi a kati.

Ranar Juma'a na ce bai fito ba. Juma'a ta gaba na ce hanya ce ba kyau, masu kawowa daga ƙetare ba su shigo ba. Kafin ta uku duk matan majalisa sun gani a wayoyin 'ya'yansu. Ba wanda ya tara su, amma suka haɗa baki. Matar liman, wadda ban taɓa jin ta yi ƙarya ba, ta dubi Kaka ta ce ita ma jira take. Mai Nono, da fim ya ba ta gaskiya, ba ta yi ko murmushi ba, ta riƙa kawo kindirmo tana zama tana zancen tsadar dusa. Alheri suka yi nufi, Allah ya saka musu. Sai dai gardama ta mutu a rumfar, kuma Kaka ba yarinya ba ce.

A lokacin ta daina fitowa rumfa ma. Kumburin ya hau har ciki, numfashi sai a zaune. Juma'a ta biyar, bayan azahar, Gwaggo ta ce tana kirana, ni kaɗai. Na shiga na same ta an jingine ta da buhun gero da matashi.

Na ce, “Uwargida, yau ga goro ja, kada a ce ban iya aure ba.”

Ba ta karɓi wasan ba. Ta nuna mini bakin gado na zauna.

“Mata shida sun yi shiru lokaci guda,” ta ce. “Ya yanka ko?”

Na buɗe baki zan sake wata ƙaryar, na ga idonta. Na ce, “Ya yanka.”

“Ɗiyar ta tashi?”

“Ta tashi.”

Na ce Kaka fim ne fa, wasu ne suka zauna suka tsara abinsu don a saya, ko salla ba su yi.

“Na sani. Ka ɗauke ni mahaukaciya?”

Sai ta kira sunan babana. Sunansa na yanka, cikakke, a hankali, kamar tana gwada ko bakinta zai iya. Ban taɓa jin sa da muryarta ba. Ba zan rubuta shi a nan ba.

“Kwana ukku yana kwance ƙanwata ta zaka daga Tibiri,” ta ce. “Da wuƙarta a ƙunshe. Akuyar na nan ɗaure ga turke, ja, ni na kiwata ta, ban kai ga saidawa ba. Ta durƙusa ta kama ƙahwata, ta ce Yaya ki bari in yi, ke ko kallo kada ki yi, zunubin ya hau kaina. Shi kuma yana ciki yana kiran ruwa. Na tsaya bakin turken na ce sai dai ta hwara yanka ni.”

Wannan Gwaggo ba ta taɓa gaya mini ba. Ina tsammanin a lokacin an riga an rufe zancen yankan, lokacinsa ya wuce. Ban san akuyar tana tsakar gida ba, taku goma daga inda yake kwance.

Na ce, “Kwanansa ne ya ƙare, Kaka. Ko an yanka...”

“Wannan liman ya hwaɗa mani shekara talatin, kuma gaskiya tai. Tsakanina da Allah ban yi nadama ba, ko yau aka maido ni bakin turken nan zan tsaya. Ba shi nike tambaya ba.” Ta tsaya ta nemi numfashi. “Shi wancan ya tahi, ba ni da inda zan tambaye shi. Kai ka tashi ba uba. Kai aka kora daga makarantar lakol ba mai zuwa ya yi magana. Ka riƙe ni a ranka?”

Kalma ɗaya ce. A'a. Ni da na cika rumfa da wa'azi wata da watanni, ni da bakina ba ya mutuwa a tasha. Amma a daidai lokacin wani abu ya taso mini daga ciki wanda ban san yana nan ba. Akuya. Akuya guda, tana ɗaure, tana tuƙa. Na ga kaina ranar sallah ina bin bayan Baffa da 'ya'yansa, riƙe da gefen rigar da ba ta ubana ba. Na san shirka ne, na san ba ta tayar da kowa, na yi imani da haka har yanzu da nake rubutun nan. Duk da haka na sunkuyar da kai ina kallon goron da ke hannuna.

Ban san tsawon shirun ba. Ya dai isa ta gani.

“To,” ta ce. Ba fushi a muryarta, abin da ya fi ci mini rai ke nan. “Tashi ka tahi, hadari na haɗuwa, kada ruwa ya tare ka a hanya.”

Na tashi kuwa. Na ajiye goron a gefen gado na fita na tada moto. Kafin in kai kwalta abin ya sake ni, na ji kunya ta rufe ni, na tsaya a gefen wata gona na ce in juya. Sai na ce a'a, in na koma yanzu za ta ce tausayi ne, bari in dawo Juma'a da hankalina a kwance in faɗa mata yadda za ta yarda. Har na tsara maganar, na yi ta maimaita ta a kan moto, Asabar, Lahadi, Litinin.

Allah ya jiƙanki, Kaka, ya karɓi abin da kika bari dominsa, ya haɗa ki da wanda kika yi kunyar kiran sunansa, ku yi maganar da ba ku yi ba. Ku da kuka karanta, ku sa ta a addu'a, ni ma ku sa ni.

Ranar jana'iza, da aka gama rufe ta mutane suka fara juyawa, na tsaya a wajen kanta na durƙusa. Na ce, “Ban riƙe ki ba, Kaka.” Na ga kamar ban ɗaga murya ba, na sake faɗa da ƙarfi, har Baffa da liman suka waiwayo. Baffa ya dawo ya kama kafaɗata ya ce in tashi, ba ta ji.